Rainon Naman Tsutsa a Sharada

Ɗakin da aka ba ni a Sharada da can sito ne na ajiye murafun bokiti. Kamfanin na roba ne, ana yin bokitai da butoci da kujeru, kuma bango ɗaya ne tsakanina da injin narka robar, saboda haka idan na jingina da bangon sai in ji ɗumi a bayana kamar na jingina da murhu. Mai kamfanin wani Alhaji ne dattijo mai son gwada sabon abu. Yana da babbar gonar masara a bayan gari, tsutsa ta cinye masa ita shekara biyu a jere, ya yi feshi har ya gaji. Wani ya faɗa masa akwai wata cuta da ke kama tsutsar ita kaɗai, ba ta taɓa mutum, ba ta taɓa akuya ko ƙudan zuma, kuma a wasu ƙasashe ana kiwon cutar a kwalba a sayar wa manoma su fesa. Sai ya sa a nemo masa wanda ya karanci abin. Ni aka samo. Na yi digirina na biyu a kan ƙwari, amma a lokacin koyarwa nake yi a wata makarantar sakandare, ina jin abin da na karanta yana zubewa daga kaina kullum. Ban yi dogon tunani ba na karɓa.

Cutar bairos ce, shi kuwa bairos ba ya yaɗuwa sai a cikin ƙwayoyin halitta masu rai. Wanda ke son ya same shi da yawa, sai ya fara shawo kan ƙwayoyin jikin tsutsar su yarda su zauna a kwalba, babu kai babu ƙafa, su sha wani ruwan abinci da muke kira romo, su riƙa rabuwa gida biyu suna ƙaruwa. Idan sun cika kwalbar sai a zuba musu cutar, ta shige su ta hayayyafa. Akwai irin waɗannan ƙwayoyi da masana suka raina tun da daɗewa, ana sayar da su a daskare. Su muka yi oda daga waje. Sun yi doguwar tafiya, sun kuma yi dogon zama a hanya, ranar da kwalin ya iso na buɗe shi ban ga hayaƙin busasshiyar ƙanƙara ba, na taɓa 'yar kwalbar na ji ta da ɗumi. Duk da haka na zuba ta a romo na jira. Babu abin da ya motsa.

Alhaji ya tambaye ni ko ba za mu iya cirowa daga tsutsarmu ta nan ba, tunda ga ta nan ta cika gonaki. Na ce masa ana iyawa, haka na farko suka yi, amma su sun ɗauki shekaru, kuma da yawa sun gwada ba su dace ba. Ya ce to a fara, Allah ya ba da sa'a.

Tsutsa kuwa sai wadda ba ta ci magani ba. Gonar Alhaji ta sha feshi, don haka na kira mahaifina a ƙauyenmu ta wajen Jigawa. Manomi ne, da masara da gero ya riƙe mu, da su ya kai ni jami'a. Yana kirana Uwata don sunan mahaifiyarsa gare ni. Na roƙe shi ya bar mini 'yan kunyoyi kaɗan a gefen gona kada a fesa musu komai, ya riƙa tsinto mini tsutsar daga cikin zuciyar masara. Karon farko ya aiko su a roba ɗaya cikin motar kasuwa, kafin su iso sun cinye junansu, sai manya kaɗan suka rage suna ta juyi a cikin ganye. Daga nan ya koma sa kowace a cikin ƙullin ganyenta daban, kuma ya daina aikowa, da kansa yake kawowa. Sai ya sauka a tasha ya hau adaidaita sahu har ƙofar kamfani, ya tsaya a wajen masu gadi da buhu a hannu, ya ƙi shigowa wai ƙafarsa da ƙasar gona.

Aikin kansa kamar fiɗa ne. Sai tsutsa ta daina ci ta ƙudundune cikin jan ɓawo tana shirin zama malam-buɗe-littafi, a lokacin nake zaɓar matan. In wanke su da bilic, in wanke da sifirit, in ɗauraye, sannan in kwantar da ɗaya ƙarƙashin madubin ƙara girma in tsaga ta da 'yar wuƙa. A cikinta akwai jakar ƙwai, siririya kamar zaren gizo. In ɗauko ta da matsefata ba tare da na huda hanji ba, don idan hanji ya fashe shi ke nan, in yanka ta ƙanana in sa a ɗigon romo a gindin kwalba. Duk wannan da takunkumi a fuska da safar hannu, a cikin akwatin gilashi mai hura tacacciyar iska, kuma ba fanka, don fanka tana tayar da datti. Gumi yakan taru a cikin safar har in na ɗaga hannu ya gangaro mini zuwa gwiwar hannu.

Na farko duk baƙi suka yi. Jinin ƙwaro idan ya sha iska yana rinewa, sai in bar nama fari tas, in dawo bayan azahar in tarar da romon ya koma kamar tawada, naman ya mutu a cikin dafin kansa. Na koyi ɗauraye shi sau da yawa da sauri. Sai baƙin ya tafi, bakteriya ta zo. Kwalbar da na bari garau jiya, yau sai in ga ta yi fari kamar an ɗiga mata koko, in buɗe in ji tsami. Na ƙara maganin kashe bakteriya a romon, sai ya yi wa naman ƙarfi, ya tsuke ya ƙi fitar da komai. Na rage, bakteriyar ta dawo.

Sai zafi. Littattafan da na karanta duk mutanen ƙasar sanyi ne suka rubuta su, damuwarsu yadda za a ɗumama kwalba. Ƙwayoyin suna son digiri ashirin da bakwai ko kusa da haka, in ya haura talatin da wani abu sai su fara lalacewa. Ɗakina kuwa yakan wuce arba'in. An sa mini na'urar sanyaya ɗaki, amma wutar unguwar ba ta da tabbas, janaretan kamfani kuma don injinan roba yake aiki, idan an tashi aiki ko an tafi masallaci ranar Juma'a sai a kashe. Ranar Asabar ɗin da na fara tarar da kwalabena sun dahu, na zauna a ƙasa a bakin ƙofa na kasa cire mayafina. Daga baya na tuna yadda ake sanyaya ruwa a gidanmu, na sayo manyan randuna biyu, na sa ƙarama a cikin babba, na cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, na jera kwalaben a ciki na rufe da jiƙaƙƙen buhu. Ma'aunin zafi ya sauka daidai inda nake so, har na yi hamdala a fili. Ban yi sati biyu ba danshin ya jawo fumfuna. Ta bi bakin murafun ta shiga, fara-fara kamar auduga, ta shimfiɗa zarenta a kan naman. Na koma naɗe kowace kwalba a leda, in goge da sifirit safe da yamma, in ƙona randa da wuta duk bayan 'yan kwanaki.

Ana cikin haka ruwan jinin da nake haɗawa a romo ya ƙare. Romon ba ya aiki sai an haɗa masa ruwan jinin ɗan maraƙin da ba a haifa ba, wato ruwan nan rawaya da ke tasowa sama idan jini ya daskare. Kwalbar da muka sayo tare da ƙwayoyin waje ita nake ta tsimi, kuma sabuwa ba za ta iso da ranta ba, mun riga mun gani. Na je wata mayanka a bayan gari da sassafe, na nemi babban mahaucin wurin na yi masa bayani. Ya saurare ni har ƙarshe yana kallon jakar ƙanƙarar da ke hannuna, sannan ya ce akan samu saniya da ciki ba a sani ba sai an yanka, in jira. Na jira a gindin wata bishiya, ƙafata cikin ruwan wanke tumbi. Da aka samu ya kira ni. Ɗan tayin ya yi girman ɗan akuya, jikinsa sumul babu gashi, idonsa a rufe. Na durƙusa na goge ƙirjinsa da sifirit, na soka allura na nemi zuciya. Sai da na soka sau uku kafin jini ya taho. Mahaucin ya juya baya yana salati a hankali. Na dawo Sharada na bar jinin ya daskare, na wulwula shi a inji, na tace ruwan, na ɗumama shi yadda littafi ya ce. Ranar ban iya cin abinci ba, kuma na daɗe ban iya cin nama ba. Na koma mayankar sau da dama bayan wannan.

Da ruwan jinin nan ne na fara ganin ƙwayoyi sun fito. Suka rarrafo daga gefen naman suka manne a gindin kwalba, wasu dogaye wasu zagayayyu, suna sheƙi a ƙarƙashin madubi. Amma fitowa daban, rabuwa daban. Sai su zauna haka makonni, ba su mutu ba, ba su ƙaru ba. In canza musu rabin romo, in duba, in ƙirga da ido waɗanda ke gefen wani ɗan tabo a jikin kwalbar, in dawo in same su yadda na bar su. Daga nan sai su fara yin ƙuraje a ciki, su saki gindin kwalba su taso sama. Ban san yawan waɗanda na tsaga ba. A gida ma, maigidana ya daina tambayata yaya aiki, sai dai ya dubi fuskata ya karɓi jakata.

Bayan girbi mahaifiyata ta zo Kano asibitin ido, ta sauka a wurina. Muna tsince wake sai ta ce mini bana sai dai a ci gero, masara ba ta yi ba. Na ce ai na ji an samu ruwa sosai. Ta ce ruwa kam an samu, amma babanki bai fesa wa gonar fadama komai ba, duk ita ya bari. Maƙwabta suna feshi, iska tana kawo maganin kan 'yan kunyoyin da ya ware mini a gefe, ya ga tsutsar can tana mutuwa, sai ya bar gonar gaba ɗaya don in samu mai lafiya daga tsakiya. Mutane sun yi masa magana, ya ce musu 'yarsa tana haɗa maganin da zai raba su da tsutsar, su yi haƙuri su gani.

Na kira mahaifina a waya. Na ce, "Baba, kunyoyi kaɗan na ce muku."

Ya ce, "Na ji, Uwata. To amma in kin samu mai guba aikin ya lalace, wa na taimaka?" Sai ya tambaye ni ko an kusa.

Na ce masa ana kan yi. Na ajiye wayar na shiga banɗaki na kunna famfo don kada mahaifiyata ta ji ni.

A lokacin sanyi ne wata kwalba ta bambanta. Na kusa zubar da ita, don ta daɗe a randa ba ta yi komai ba. Wata safiya na ga a gefe ɗaya wasu ƙananan ƙwayoyi zagayayyu sun taru kamar ƙwan kwaɗo, kuma biyu daga cikinsu a manne suke da juna, tsakaninsu ya tsuke. Ban yarda da idona ba. Na fita na zaga harabar kamfani, na wuce masu loda kujeru a mota, na dawo na sake dubawa, na tarar sun rabu. Tarin ya yi ta faɗi a hankali har ya rufe kusan rabin gindin kwalbar. Ranar da na raba su gida biyu, na zuƙo romo na watsa musu a hankali har suka saki, na zuba rabi a sabuwar kwalba, ji na yi kamar ina yi wa jariri aski da reza. Duka biyun suka kama.

Mahaifina ya zo a cikin kwanakin da tsutsar masarar rani. Wannan karon na matsa masa sai da ya shigo, ya wanke ƙafa a famfon alwala, na sa masa takunkumi. Ya daɗe da ido a kan madubin yana neman inda zai duba. Da ya gani sai ya tambaye ni ko suna jin yunwa, na ce suna ji. Ya ce to Allah ya raya.

Alhaji ma ya gani, amma shi ya gaji, kuma ban ga laifinsa ba. 'Ya'yansa suna ce masa ɗakin nan yana shan gas a banza, shekara ta zagayo ba a ga ko cokali ɗaya na magani ba. Ya ce mini yana son ya ga cutar ta kama, ya nuna wa wasu abokansa masu gonaki da za su iya sa hannu a aikin. Ina da cutar a firji, na samo ta ne daga wasu matattun tsutsotsi da suka zo a buhun mahaifina, sun yi laushi sun narke kamar man shanu, na tace na ajiye. Na yi wa Alhaji bayani cewa duk kwalbar da aka zuba wa cutar ta mutu ke nan, don aikin cutar shi ne ta fasa ƙwayoyin. Biyu kawai gare ni, ba ni da hanyar daskarar da su in ajiye iri, kuma ba su yi ƙwari ba tukuna. Na roƙe shi ya ba ni lokaci su zama huɗu, su zama takwas.

Ya ce, "Malama, ni zan iya jira. Waɗanda ke bayana ne ba za su jira ba. In ba su ga wani abu kafin azumi ba, rufe ɗakin za a yi, duka biyun su mutu."

Na ce, "Ranka ya daɗe, in ɗayar ta samu matsala, ba mu da komai."

Ya ce ya sani.

Na zuba wa ɗaya. Cikin 'yan kwanaki ƙwayoyin suka kumbura, cikinsu ya cika da wasu 'yan duwatsu masu ƙyalli kamar an barbaɗa gishiri, alamar cutar ke nan ta hayayyafa. Abin da na karanta a littafi shekaru da suka wuce ga shi a gabana, a tsohon sito, a bayan injin roba. Baƙin suka zo da manyan riguna suka leƙa ɗaya bayan ɗaya, suka ce masha Allah. Na shafa ruwan kwalbar a ganyen masara na ba wasu tsutsotsi, suka ci, suka daina motsi, suka narke. Abin ya yi aiki.

Ɗayar kuma na riƙe ta kamar raina. Ta cika, na raba ta, amma wannan karon ba su kama da kyau ba. Suka manne, sai dai rabuwar ta yi nauyi. Bazara ta shigo, randa ta fara kasa riƙe sanyi, sai in jiƙa yashi da hantsi kafin la'asar ya bushe. Na kai kwalaben gida na ajiye a ɗakin da ya fi sanyi, girgizar adaidaita sahu ta sa da yawa suka saki. Na dawo da su. Na zargi ruwan jinin, na koma mayanka na samo sabo. Na zargi ruwan da nake haɗa romo, na je Bompai wurin wasu masu haɗa magunguna na roƙi nasu. Na rage romo, na ƙara romo, na haɗa kwalaben biyu wuri ɗaya ko ƙwayoyin za su ji ɗumin juna. Babu fumfuna, babu bakteriya, romon garau yake, amma kullum sai in ga sun ragu. Da wani abu ne ya shiga da na san da wa nake faɗa. Ƙarewa kawai suke yi, kamar yadda littafi ya ce yawancinsu sukan yi bayan 'yan rabe-rabe, ba tare da an san dalili ba. Na riƙa yin sallar walaha a ɗakin ina roƙon Allah a kan abin da ko gani ba a yi sai da madubi, ban kuma ji kunyar hakan ba. A cikin azumi na duba wata rana na bi gindin kwalbar lungu-lungu ban samu ko ɗaya mai sheƙi ba. Na ci gaba da canza mata romo har bayan salla kafin na iya zuba mata bilic.

Abokan Alhaji sun sa hannu, amma ba a kan kwalba ba. Na faɗa musu gaskiya cewa akwai wata hanya mai ƙazanta wadda ba ta buƙatar ƙwayoyi: a yi kiwon tsutsar kanta, kowace a ƙoƙonta, a ba ta cutar a abinci, in ta mutu a markaɗa a tace. Ita muka koma yi. Aka ɗauki mata suna ciyar da tsutsa da wanke ƙoƙuna, ni kuma ina duba ƙarfin maganin. Da damina ta zo na kai wa mahaifina jarka ɗaya, muka fesa da yamma saboda rana tana kashe cutar. Ba ya aiki da sauri kamar guba, sai da aka yi kwanaki maƙwabta suna zuwa suna dubawa suna komawa, sannan tsutsar ta fara hawa saman ganye tana mutuwa a rataye. Masarar ba ta tsira duka ba, amma an ɗaure dammuna. Wasu daga cikin maƙwabtan sun nemi nasu, wasu sun ce jiran ya yi musu yawa.

Warin matacciyar tsutsa kuwa ba a magana. Ma'aikatan roba suka kai ƙara cewa ba sa iya cin abincin rana, har wasu direbobi suka daina shigowa harabar. Daga ƙarshe Alhaji ya samar mana wani fili a Challawa, a tsakanin masu jimar fata, inda babu mai ƙorafin warin wani. Can muke har yau, kullum da safe ina bin motar ma'aikata ta Kumbotso tare da matan da ke ciyar da tsutsar.